Gado Ne Ko Tsautsayi? Taɓin Hankali Da Binciken Aure A Iyakar Jibiya

A Jibiya, binciken aure ba ya tsayawa a shingen kwastan na Magama. Yarinya tana cikin gari, amma kakarta ta wajen uwa tana Ɗan Isa, baffannin mahaifinta suna Madarumfa, wata gwaggo kuma tana aure a Maraɗi. Don haka dattijon da dangin saurayi suka ɗora wa nauyin bincike dole ya tsallaka. Zai sauka gidan wani tsohon aboki, a kawo ruwa, a gaisa, a tambayi iyali da damina, a taɓa hirar farashin gero da canjin sefa. Can sai ya matso, ya sassauta murya:

"Malam, gidan nan da yaronmu yake nema, babu dai wani abu ko?"

Mai masauki ya san inda aka dosa. Ba zancen sata ake yi ba, ba kuma na bashi ba. Abu uku ake tsoro tun kaka da kakanni: kuturta, farfaɗiya da hauka. Kuturta ta ja da baya tun da magani ya wadata, farfaɗiya ma mutane sun fara yarda cewa ciwon asibiti ce. Na ukun ne har gobe yake kashe aure tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba. Da zarar an ce, "To, akwai dai wani kawunta da ya taɓa taɓuwa," shi ke nan. Ba wanda zai je ya faɗa wa iyayen yarinya ainihin dalili. Sai dai a aika musu cewa an yi istihara, Allah bai nufa ba.

Wannan tsallakawa ta girmi iyakar kanta. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a wajajen 1807, tsofaffin sarakunanta suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a Maraɗi, shi ya sa har yau ake kiran mai sarautar can Sarkin Katsinan Maraɗi. Turawan Ingila da na Faransa sun zo daga baya suka shata layinsu a yarjeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka raba gonaki da kasuwanni, amma ba su raba jini ba. Gida ɗaya ne, rabinsa na kashe naira, rabinsa na kashe sefa. Idan kuwa jini ɗaya ne, to duk abin da jinin yake ɗauke da shi, na alheri da na ciwo, yana kai da kawowa ba tare da fasfo ba. Tambayar dattijon nan tana da tushe ke nan. Abin dubawa shi ne ko hukuncin da ake yankewa bayan an ji amsa ya yi daidai da abin da masana suka auna.

Ciwon da ake magana a kai

Abin da muke tarawa mu kira hauka ba ciwo ɗaya ba ne. Akwai ruɗewar da zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau ke haddasawa idan sun taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai taɓuwar da ke samun mai jego a makonnin farko bayan haihuwa, wadda takan warke sarai idan an kula. Akwai wadda wiwi da ƙwaya ke jawowa, akwai rikicewar tsufa. Duk waɗannan idan sun faru a wani gida, shekara ashirin bayan nan abin da maƙwabta za su tuna kawai shi ne "gidan su wane an taɓa yin mahaukaci".

Wanda ya fi jijjiga dangi shi ne ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya, sunan da wani likitan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, ya raɗa masa a 1908. Ba ya zuwa da hayaniya a farko. Saurayi ne ɗan shekara 18 ko 22, mai natsuwa, wataƙila ma shi ne haziƙin gidan. Sai a ga ya daina zuwa majalisa, ya daina wanka, yana kwana ido biyu. Daga nan sai murmushi shi kaɗai, sai ya fara amsa maganar da ba wanda ya yi. Ya ƙi cin tuwon gidan don ya yi imani an zuba masa wani abu, ya ce mai labaran rediyo da shi yake. Mata kan fara nasu a makare kaɗan, wajajen ƙarshen shekarun ashirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum miliyan 24 ne ke fama da shi, kimanin ɗaya a cikin kowane 300, kuma fiye da biyu cikin uku na masu irin wannan taɓuwa ba sa samun kulawar ƙwararru. Yadda yake kama yaro a Tokiyo haka yake kama shi a Tibiri. Bambancin kawai abin da muryoyin suke cewa, da kuma sunan da dangi za su ba abin: can a ce ciwo, nan a ce iska ko sammu ko jifa.

Abin da lissafi ya ce

Gaskiyar da ba za a ɓoye ba ita ce, akwai gado a ciki, kuma gadon mai ƙarfi ne. Hanyar da aka fi tabbatar da hakan ita ce ta tagwaye. A ƙasar Denmak an bi diddigin tagwaye sama da 30,000 da aka haifa tsakanin 1951 da 2000, aka fitar da sakamako a 2018. An ƙiyasta cewa kashi 79 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen saurin kamuwa daga ƙwayoyin gado yake. Wannan adadi yakan firgita mai karatu, ya ɗauka ana nufin ɗan mai ciwo yana da kashi 79 na kamuwa. Ba haka ba ne ko kusa. A cikin binciken nan dai, idan Hassan da Hussaini tagwayen ƙwai ɗaya ne, wato ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya sak, kuma Hassan ya kamu, a kashi 33 cikin 100 ne kawai Hussaini ma ya kamu. Biyu cikin uku sun tsira, alhali jininsu ɗaya, cikin da suka kwanta ɗaya.

Wani masani Ba'amurke, Irving Gottesman, ya tattara binciken iyalai na shekaru masu yawa ya fitar da jadawali a 1991 wanda har yanzu ake koyar da ɗaliban likitanci da shi. A cikin jama'a baki ɗaya, kusan mutum 1 cikin 100 zai kamu a tsawon rayuwarsa. Wanda ɗan'uwansa shaƙiƙi yake da ciwon, 9 cikin 100. Wanda uwa ko uba ɗaya yake da shi, 13 cikin 100. Idan iyayen biyu duka suna da shi, nan ne abin yake tashi zuwa 46. Yarinyar da kawunta ko baffanta ne mai ciwon kuwa, irin wadda ake fasa aurenta a Jibiya, 4 cikin 100 ne, wato 96 cikin 100 ba abin da zai same ta. 'Ya'yan da za ta haifa sun ƙara nisa da kawun, lissafinsu ya kusa komawa na kowa da kowa.

Ga kuma ɗaya gefen da masu bincike ba sa so su ji. Kusan 8 cikin 10 na masu wannan ciwo ba su da uwa ko uba ko shaƙiƙi mai irinsa. Gidan da aka ba shaidar tsarki, aka ɗaura aure da farin ciki, shi ma yana ɗauke da nasa kason. Kowa yana ɗauke da shi, sai dai na wani ya fi na wani yawa.

Dalilin haka ya fito fili a shekarun baya-bayan nan. Jikin ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kimanin 20,000, an rubuta su da haruffan DNA kusan biliyan 3. A 2014 wata gamayyar masana ta duniya ta kwatanta jinin marasa lafiya kusan 37,000 da na masu lafiya 113,000, ta gano wurare 108 masu alaƙa da ciwon. A 2022 da aka ƙara yawan marasa lafiyar zuwa sama da 76,000, wuraren suka kai 287. Kowane ɗaya tasirinsa ɗan mitsitsi ne, kuma yawancinsu suna da hannu a yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke isar wa juna saƙo. Akwai 'yan tsirarun sauye-sauye masu nauyi, kamar gutsurewar wani yanki na kiromosom na 22, wadda kusan ɗaya cikin huɗu na masu ita kan kamu, amma irin waɗannan ba su da yawa.

Direbobin hanyar Katsina zuwa Maraɗi za su fi kowa gane wannan. Gado shi ne lodi, rayuwa ita ce hanya. Motar da aka danƙara wa kaya fiye da kima tana iya isa lafiya idan kwalta sumul ce, wadda aka yi wa matsakaicin lodi kuma tana iya karya sifirin idan ta yi ta faɗawa ramuka.

Me Japanawa suka gano a jininsu?

Mai karatu zai ce me ya haɗa Jibiya da Japan. Abin da ya haɗa su shi ne, kusan duk binciken farko a kan Turawa aka yi shi, kuma Japanawa na cikin al'ummomin da suka ƙi karɓar sakamakon da ido rufe. Suka ce sai sun auna nasu.

A Jami'ar Nagoya, wata tawaga ƙarƙashin Farfesa Norio Ozaki ta duba marasa lafiya 1,699 da masu lafiya 824, ta wallafa a 2017 cewa kimanin 9 cikin 100 na marasa lafiyar suna ɗauke da gutsurewa ko ninkuwar wani yanki na DNA mai muhimmanci a likitance. A Jami'ar Lafiya ta Fujita, Masashi Ikeda da Nakao Iwata da abokan aikinsu suka bi dubban Japanawa, suka fito a 2019 da wasu wurare da binciken Turai bai nuna ba. A shekarar dai aka haɗa jinin marasa lafiya 22,778 daga gabashin Asiya, ciki har da Japan da Sin da Koriya da Singafo, aka ɗora shi kusa da na Turawa.

Sakamakon yana da fuska biyu, kuma duka biyun sun shafe mu. Ta farko, tushen ciwon kusan ɗaya ne: daidaituwar da aka samu tsakanin ɓangarorin biyu ta kai 0.98 a ma'aunin da ƙarshensa 1 ne. Ciwon ba na wata ƙabila ba ne, ba na wani launin fata ba. Ta biyu, alamomin da ake bi a gano shi sun bambanta. Alamar da ta fi kowace ƙarfi a jinin Turawa tana kan kiromosom na 6, a yankin da ke kula da garkuwar jiki, kusa da wata ƙwayar gado mai suna C4 da masanan Harvard suka danganta da ciwon a 2016. A jinin mutanen gabashin Asiya wannan alama da ƙyar ake samunta, saboda haka ba ta fito a bincikensu ba. Kuma da aka ɗauki ma'aunin haɗari da aka gina da jinin Turawa aka gwada a kansu, sai ƙarfinsa ya ragu ƙwarai.

Idan haka ta faru tsakanin Bature da Bajapane, ina ga Bakatsine? Afirka ce nahiyar da ta fi kowace yawan bambancin ƙwayoyin gado, don a nan ɗan Adam ya fi daɗewa. Wani bincike na shirin H3Africa da aka wallafa a 2020 ya duba mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, ya ci karo da sauye-sauye sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. A shekarar ne kuma aka fitar da babban bincike na farko a kan wannan ciwo a cikin wata al'ummar Afirka, wato Xhosa na Afirka ta Kudu, da marasa lafiya 909. Akwai wani shiri mai suna NeuroGAP da ya tattara samfurin dubban mutane a Habasha da Kenya da Yuganda da Afirka ta Kudu. Shahararren kundin nan na 1000 Genomes yana da Yarabawan Ibadan da mutanen Esan. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya ɗebi jini a ƙasar Hausa, al'ummar da ta kai miliyoyi masu yawa a ƙasashe biyu. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce yana da gwajin jini da zai faɗa maka ko ɗanka zai taɓu, riƙe kuɗinka. Ko a Tokiyo da Landan likitoci ba sa yanke wa mutum hukunci da irin wannan ma'auni.

Tuwona maina

Ba za a yi zancen gado a wannan yanki a tsallake auren zumunci ba. Ɗan wa da 'yar ƙane, ɗan gwaggo da 'yar kawu, taubasai da aka yi wa alkawari tun suna goye. A bakin iyaka auren nan yana da ƙarin amfani: shi ne ke riƙe gidan Jibiya da na Maraɗi kada su zama baƙin juna, shi ne ke tsare gona da jarin kasuwanci a hannu ɗaya.

'Ya'yan wa da ƙane sun haɗa kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu. A cututtukan da ƙwaya ɗaya ke jawowa, haɗarin a bayyane yake. A kan taɓin hankali kuwa hujjojin ba su taru a wuri ɗaya ba. Wani bincike a Mansura ta ƙasar Masar a 2010 ya samu auren zumunci ya fi yawa a tsakanin iyayen marasa lafiya. Wani a Ireland ta Arewa a 2018, wanda ya duba mutum sama da 360,000, ya samu 'ya'yan irin wannan aure sun ninka sauran wajen karɓar magungunan taɓin hankali. Amma wani babban binciken DNA na 2016 ya kasa tabbatar da alaƙar da wani na 2012 ya ce ya gani. A ganina abin da hankali zai ɗauka shi ne matsakaici. Auren zumunci shi kaɗai ba ya haifar da hauka. Sai dai idan ciwon ya riga ya bayyana a zuriyar kaka ɗaya, a ɗaki biyu ko uku, to haɗa jikokin wannan kaka aure tara lodi ne a wuri ɗaya, kuma ya kamata dattawa su tsaya su yi shawara da likita. Abin mamaki, akasin haka ake yi. Gidan da bare suka guje wa saboda sunan hauka, su ne suke komawa su auri junansu, don ba mai zuwa daga waje. Ƙyamar da aka nuna musu ita ce take ƙara abin da ake tsoro.

Japanawa ma sun daɗe suna auren dangi, musamman a ƙauyuka da tsibirai. Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya yi ta raguwa da kansa, har wani ƙidayar 1983 ya nuna auren 'ya'yan wa da ƙane bai kai 2 cikin 100 ba. Ciwon bai ɓace daga ƙasarsu ba.

Yana da kyau a raba wannan magana da ta sikila, don mutane sun fara cakuɗa su tun da gwajin jini kafin aure ya zama ruwan dare, har Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Sikila ƙwaya ɗaya ce tak. AS ya auri AS, kowane ciki yana da ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, lissafi a fili, gwaji mai araha. Wannan gwaji wajibi ne ga mai hankali. Sikizofireniya ba ta da AA ba ta da AS.

Ramukan da ke kan hanyarmu

Tun da ba mu da iko da lodin, sai mu duba hanya. A nan ne labarin yake dawowa Jibiya da nauyinsa, domin kusan duk abin da masana suka lissafa a matsayin mai tayar da ciwon yana nan a yankin.

Na farko yunwar mai ciki. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, a hunturun 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus sun toshe abinci ga yammacin ƙasar Holan. Yaran da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar wannan yunwa, da suka girma, an samu ciwon ya ninka a cikinsu. Aka sake samun irin wannan ninki a yaran da aka haifa lokacin yunwar ƙasar Sin ta 1959 zuwa 1961. Maraɗi ita ce cibiyar matsananciyar yunwar 2005 a Nijar, kuma 'ya'yan da aka yi cikinsu a wannan shekara yanzu suke shiga shekarun da ciwon ya saba bayyana. A ɓangaren Najeriya, ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda take aiki a Katsina tun 2021, ta ce yara 652 ne suka rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na jihar a watanni shida na farkon 2025. Inda yaro ya kai ga haka, uwarsa ma ba ƙoshi take ba. Buhun abinci da ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba mai ciki a awo, rigakafin taɓin hankali ne na shekara ashirin masu zuwa, ko da ba wanda ya rubuta haka a jikin kwalin. Haka ma doguwar naƙuda da ke hana jariri iska.

Na biyu wiwi. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye, miliyan 10.6 daga ciki wiwi suke sha. Wani bincike a biranen Turai da Brazil a 2019 ya samu mai shan wiwi kullum ya ninka wanda ba ya sha sau uku wajen haɗarin taɓuwa, idan mai ƙarfi ce kusan sau biyar. Garin iyaka kuwa kowa ya san ba shinkafa da taliya kaɗai ke bi ta ɓarauniyar hanya ba. Samari goma za su zauna su sha abu ɗaya, tara su tashi, ɗaya ya tafi ke nan, sai a ce an yi masa asiri. Yaron da aka san akwai ciwon a danginsa, wannan ita ce nasihar da ta fi kowace amfani gare shi, kuma a fito a faɗa masa dalili.

Na uku ba a cika son jin sa ba: shekarun uba. Wani bincike a birnin Ƙudus a 2001 ya samu 'ya'yan mazan da suka haura 50 sun kusa ninka 'ya'yan 'yan ƙasa da 25 sau uku wajen kamuwa. Har yanzu adadin ƙarami ne, ba abin hana dattijo ƙarin aure ba ne. Amma a al'ummar da ake ɗora wa dangin uwa laifin komai, ya kamata a san wannan.

Na huɗu firgici da gudun hijira. Jibiya da Batsari da Safana sun sha hare-haren 'yan bindiga, a 2021 har gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure aka kuma katse layukan waya. Tun 2019 dubun dubatar mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka. Yaron da ya ga an kashe mahaifinsa, ya girma a sansani, ya faɗa rami mai zurfi tun bai san hanya ba.

Inda tsoron gado yake kai al'umma

Japan tana da wani darasi da ya fi na ɗakin gwaji ɗaci. Daga 1900 doka ta ba iyali damar kulle mai taɓin hankali a keji cikin gida. Wani farfesan Jami'ar Tokiyo, Kure Shuzo, ya aika ɗalibansa ƙauyuka suka duba irin waɗannan ɗakuna 364, ya fitar da rahoto a 1918 da ya girgiza ƙasar, amma sai 1950 aka haramta. A 1948 kuma suka kafa dokar tsabtace zuriya, wadda ta ba likitoci ikon yi wa masu ciwon da ake zaton na gado ne tiyatar hana haihuwa. Kafin a soke ta a 1996, an yi wa mutum kimanin 25,000, kusan 16,500 daga ciki ba da yardarsu ba. Ranar 3 ga Yulin 2024 Kotun Ƙolin Japan ta yanke cewa dokar ta saɓa wa tsarin mulki, Firaminista Fumio Kishida ya nemi gafarar waɗanda aka zalunta ido da ido, majalisa ta amince a biya kowannensu yen miliyan 15. Kusan shekara hamsin ana yanka mutane a kan lissafin da daga baya masanan ƙasar da kansu suka nuna ba haka yake ba.

Abin da ya yi musu amfani ya fi wannan sauƙi. A 2002, bisa roƙon ƙungiyar iyalan marasa lafiya, likitocinsu suka sauya wa ciwon suna a harshensu don tsohon ya zama abin gori. Cikin shekara uku, yawan marasa lafiyar da likita ke iya faɗa wa ainihin ciwonsu ya tashi daga kusan 37 zuwa kusan 70 cikin 100.

Mu namu kejin sunansa mari. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, a watan Oktoba aka fito da 67 daga wani a Daura, da yawa da sarƙa a ƙafa. Wasu shaye-shaye ya kai su, wasu ƙiriniya, wasu kuma marasa lafiya ne da iyayensu suka rasa inda za su nufa. Ba na ganin mugunta ce ke sa uba ya kai ɗansa irin wannan wuri. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa mafi kusa da Jibiya su ne na Dawanau a Kano, na Kware a Sakkwato da na Barnawa a Kaduna. Mutumin Maraɗi kuwa, sanannen sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Yamai yana nesa da shi da fiye da kilomita 600, Kano ta fi masa kusa. Ga iyakar ba ta da tabbas: an rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Idan aka yi maganar asarar rufe iyaka, tirelolin kaya ake ƙirgawa. Ba a ƙirga mai allurar wata-wata da ya rasa hanyar zuwa karɓa, alhali yawancin waɗanda suka yanke magani ciwon yakan dawo musu cikin shekara ɗaya ko biyu.

Maganin kuwa yana nan tun 1952, kuma tsofaffin nau'o'insa ba su da tsada. Ba ya goge gado, amma yana kashe muryoyin, ya mayar da mutum gona ko shago, da yawa su yi aure su riƙe iyali. Gwargwadon saurin farawa, gwargwadon kyan sakamako. Ba kuma sai an yi faɗa da malamai da masu ruƙiyya ba. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara haɗa aikin asibiti da na masu maganin gargajiya a ƙauyen Aro na Abeokuta tun 1954. A 2020 Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya wallafa gwajin da aka yi da marasa lafiya 307 a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke kai magani har wurin masu addu'a da masu maganin gargajiya. Bayan wata shida, waɗanda aka haɗa musu biyun sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Ko a fiƙihun Malikiyya da ake bi a ɓangarorin iyakar biyu, hauka yana cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure idan an ɓoye shi, har akan ba da jinkirin shekara guda don neman magani. Amma a kan wanda za a aura ake magana, ba a kan kawunsa ko kakarsa ba. Ɓoye ciwon ango ko amarya ha'inci ne. Hukunta zuriya guda saboda mutum ɗaya kuwa ba shi da madogara a littafi, ba shi da ita a lissafi.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Saura aiki. Muna kira ga gwamnatin Jihar Katsina ta horar da ma'aikatan Babban Asibitin Jibiya da na ƙananan asibitocin karkara su iya gane ciwon da ba da maganinsa, kamar yadda tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya tanada tun 2008, a kuma ajiye allurar a inda talaka zai same ta ko an rufe iyaka. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankolodo ta Maraɗi su haɗa hannu su auna jinin mutanensu da yardar mutanen, kamar yadda Nagoya da Fujita suka yi. Kai kuma mai karatu, idan ɗanka ko ƙanenka ya fara ƙin barci yana amsa muryar da ba ka ji, a ci gaba da addu'a, amma a kai shi asibiti cikin makon nan.